Ladidi Mai Kitso da Ɗiyarta ta Fari

Tun da Ladidi mai kitso ta rasu bara da kaka, Malama Dibora ke yawo gida gida tana neman wadda za ta riƙa yi wa 'yan makaranta kitso a madadinta. Masu kitso kuwa ba su ƙare a Gusau ba, kowace unguwa akwai mai hannu. Amma Malama ta san ba hannu take nema ba, ni ma na sani. Ni ce Talatu mai daddawa, danga ɗaya ta raba gidana da na Ladidi tun muna da haƙoranmu. Ban san ko bihim ba, don haka na zaunar da Malama da alƙalaminta, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Duk wadda za ta zauna a tabarmar Ladidi ta fara sanin wace ce Ladidi.

A Wanke aka haife ta. Ubanta manomi ne, uwarta Bafulatana ce da ta bar ruga ta zauna gari, amma ba ta bar halin gidansu ba. Ladidi ce ɗiyarta ta fari, saboda haka har matar nan ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunanta ba. In za ta kira ta sai ta ce "ke," in za ta yi zancenta sai ta ce "waccan." Ladidi kan ba ni wannan labari tana murmushi, sai ka ce wadda aka bar wa gadon shanu. Kitson ma ba uwar ce ta koya mata ba. Daga nesa take leƙen yatsunta in tana yi wa matan unguwa.

Aure ya kawo ta Gusau, gidan Bala, ɗan dako a tashar jirgi, mutum mai sanyin hali da buhunan gyaɗa suka cinye wa baya tun bai tsufa ba. Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata Saude.

Kunyar ɗan fari kowa na yi, ni ma na yi. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai wani ya ɗauka. Amma mu mata iri biyu ne. Akwai mai yi don idon jama'a, in ta shiga ɗaki ta saki asabari ta rungumi abinta ta sha ƙanshinsa. Akwai kuma mai yi har cikin ɗaki. Ladidi ta biyun ce. Da aka yaye Saude, goggonta, yayar Bala, ta ɗauke ta zuwa Tsafe, can ta girma, ita take kira Inna. Ladidi ba ta ko raka su ƙofar gida ba. Na leƙa ta danga na gan ta tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Akwai wata salla da aka kawo yarinyar ganin gida, tana 'yar mitsitsiya. Kunama ta harbe ta a gindin turmi. Ta ƙwalla ihu ta nufi Ladidi da gudu. Ladidi na zaune tana kaɗi, ba ta ajiye mazarin ba. Ni na tsallake danga na ɗauki yarinyar. Zaren da ta kaɗa ranar duk ya tsintsinke, amma wannan ba wanda ya kula. Abin da matan unguwa suka yi ta faɗa shi ne an ga ɗiyar manya. Wannan yabo ya shiga kanta ya zauna. Yara maza biyu da ta haifa daga baya kuwa har sangarta su ta yi, duk abin da ta hana ta farin a kansu ta juye.

Bala ya rasu, mazan suka girma suka bi motocin auduga, kitso ya zama abincinta. Ana nan, bayan yaƙi da 'yan shekaru, aka buɗe makarantar 'yan mata mai ɗakin kwana. Ba uban da ya ba da ɗiyarsa da daɗin rai, dagatai ne suka riƙa tsinto su daga Nahuce, daga Kekun Waje, daga ƙauyukan Tsafe, yara ƙanana da ba su taɓa kwana nesa da zanen uwarsu ba. Aka ɗora wa Malama Dibora kula da su. Kirista ce daga kudancin Zariya, aikin jirgi ya kawo mijinta Ishaya nan garin.

Ba a jima ba abubuwa suka fara fitowa. Wata ta daina cin abinci. Wata ta koma fitsarin kwance da girmanta. Wata ta zura wa bango ido, a kira ta ba ta ji. Wata ta tsallake danga ta kama hanyar Bungudu da ƙafa, sai a bayan gari aka tsinto ta. Maganin da aka sani biyu ne: bulala, in bulala ta ƙi a ce iska ce, a kawo rubutu.

Ƙwarƙwata ce ta haɗa Malama da Ladidi. Ta cika ɗakin kwanan, Malama ta fara turo yaran gidan Ladidi ranar Juma'a da la'asar, a tsefe, a taje, a kitse, a ƙarƙashin ceɗiyar tsakar gidanta. Sai Malama ta lura da wani abu. Yarinyar da ta je da fuska a murtuke takan dawo ido ya kumbura, amma ta ci tuwo ta siɗe kwano.

Ni da ke jin komai ta danga na san dalili. Mai kitso ba ta kallon fuskarka. Kana zaune tsakanin ƙafafunta, kanka a cinyarta, idonka a ƙasa, ba wanda ke ganin abin da fuskarka ke yi. Ladidi daga ƙeya take farawa. Ba ta taɓa ce wa yarinya "mi ke damunki" ba. Sai ta tambayi akuyar gidansu, ko ta haihu, ko wa ke kai ta kiwo yanzu. In yarinya ta fara magana sai hannun ya rage sauri. In kitso ya kusa ƙarewa magana ba ta ƙare ba, sai ta ce layin nan ya karkace, ta tsefe shi ta sake. Kuma abin da aka faɗa a cinyarta nan yake mutuwa. Na sha lallaɓa ta ta ɗan gutsura mini, ni da gulma ke yi wa daɗi kamar ƙosai mai zafi. Ko sau ɗaya ba ta ba ni ba.

Ɗaya kawai zan faɗa, don wannan a kunnena aka yi. Wata 'yar Nahuce ce, ta rame kamar kara.

Ladidi ta ce, "Wa ke yi miki kitso a gida?"

"Innata."

"Hannunta da zafi?"

"Da zafi. Ja take yi."

"To bari ni ma in ɗan ja, kada kanki ya manta ta."

Yarinyar ta yi 'yar dariya. Can ta ce, "Inna Ladidi, an kawo mini ƙunshin ƙuli-ƙuli ran kasuwa."

"Kin ba ni?"

"Ba ɗaurin innata ba ne. Ita zagayawa take yi ta soke bakin. Wanga ɗaurin maza ne."

Uwar yarinyar ta rasu tun da damina. Uban ne ya aiko ya ce kada a faɗa mata sai an yi hutu, don kada ta gudu. Malama ta sani, Ladidi ta sani. Ladidi ba ta yi mata ƙarya ba, ta dai bar tafin hannunta a kan yarinyar har ta gama kukanta. Da yamma ta yafa gyale ta sami Malama, ta ce, "Yarinyar nan ta sani. Abin da ke cinye ta shi ne ita kaɗai ta sani." Washegari su biyu suka zaunar da ita suka faɗa mata, Ladidi ta raka ta har Nahuce ta yi gaisuwa, ta kuma dawo da ita.

Daga nan Malama ta kafa doka. Duk sabuwar yarinya, tun makon zuwanta, sai ta je gidan Ladidi, ko kanta sabon kitso ne. Ta ce gara a tare abin tun bai kama mutum ba. Gudu ya ragu, bulala ta huta. Har matan leburorin jirgi da waɗanda mazansu suka tafi cin rani suka riƙa zuwa da kan da bai tsufa ba. Malama ta taɓa ce mini wai a ƙasar Turawa akwai likitan da aikinsa sauraro kawai, mutum ya kishingiɗa ya yi ta zuba. Na ce to mun fi su, namu har kai take gyarawa.

Saude kuwa ta girma a Tsafe, ta auri Attahiru, wani manomi a Bungudu, ta haifi namiji, Bello, da ƙanwarsa. Goggon da ta riƙe ta ta rasu. Sai wata bazara sanƙarau ya shigo ƙasar nan, ya shiga gidan Attahiru ya ɗauke yaran duka biyu, ɗaya bayan ɗaya. Saude ba ta yi kuka ba. Mutane suka yaba haƙurinta, kamar yadda suka saba yabon duk abin da ba zai dame su ba. Daga baya ta daina girki, ta daina wanka, ta zauna bakin ƙofar ɗaki daga safe har rana ta faɗi. Attahiru ba mugu ba ne. Ya yi rubutu, ya yi turare, ya kira 'yan bori masu girka. Da ya rasa yadda zai yi ya sako ta a mota ya kawo ta Gusau, ya ce ko ganin gida zai sa ta sake.

Ladidi ta gane ciwon tun daga ƙofa. Wa ya fi ta saninsa? Ta share ɗaki, ta sa aka yanka kaza, ta dama fura da nono mai kyau. Amma ni ce mai kai kwanon.

"Talatu, waccan ta ci?"

Na ce, "Ba ga ta can ba? Ki tambaye ta mana. Ko bakin naki ma kitse shi aka yi?"

"Ke dai ki duba mini."

Kan Saude tun rasuwar yaran ba a taɓa shi ba, ya dunƙule a ƙarƙashin kallabi kamar sheƙar tsuntsu. Ladidi ta ba ni matajinta da man kaɗe ta ce in gwada. Na gwada. Ni bakina ba ya zama wuri ɗaya, kafin in taje gefe guda na ba ta labarin rabin kasuwa, na yi mata wa'azi, na lissafa mata matan da suka binne fiye da nata. Ta janye kanta a hankali ta ɗaura kallabinta. Na mayar wa Ladidi matajinta na ce, "Wannan kai ba nawa yake nema ba."

Malama ma ta yi magana. Ta ce, "Inna, 'ya'yan mutane kina warkar da su. Wannan taki ce."

Ladidi ta ce, "Malama, ku ba ku da wannan a wajenku, ba za ki gane ba. Ɗiyar fari ce. Da wane ido zan dubi mutane?"

"Waɗanne mutane?"

Na ga maganar ta shige Ladidi. Kwanakin nan takan tsaya bakin ɗakin Saude da tsintsiya a hannu, ta share wurin da ba datti, ta buɗe baki ta rufe.

Saude kuma duk Juma'a sai ta fito ta zauna a gindin turmi, tana kallon yaran makaranta suna ɗora kai a cinyar uwarta, ɗaya ta tashi ɗaya ta zauna.

Wata Juma'a dangin uwar Ladidi suka zo daga Wanke, an yi suna a unguwarmu, suka biyo su huta. Tsofaffi ne, suna zaune a inuwa suna cin goro. Yarinya ta ƙarshe ta tashi, Ladidi tana goge mai a hannunta. Sai Saude ta miƙe daga gindin turmi, ta tako tsakar gida, ta kwance kallabinta, ta zauna tsakanin ƙafafun Ladidi, ta kwantar da kanta a cinyarta.

Ina tsaye a danga. Na ga hannun Ladidi ya ɗagu, ya tsaya a iska, bai fi tsawon yatsa tsakaninsa da gashin ba. Na ce a raina, sauke shi, baiwar Allah, sauke shi.

Sai ɗaya daga tsofaffin, ƙanwar uwar Ladidi, ta tofar da goro ta ce, cikin wasa ma ta faɗa, "Ashe zaman birni ya cinye kunyar. Da yayata na da rai da ta ga abu."

Sauran suka yi dariya. Ladidi ta zame cinyarta a hankali, ta miƙe, ta ce, "Talatu, ga kai nan, ki taimaka mini. Hannuna ya gaji." Ta shige ɗaki.

Saude ta jima a zaune yadda aka bar ta. Sannan ta ɗaura kallabinta. Abin da na faɗa wa tsohuwar nan ranar Malama ta ƙi rubutawa, ta ce takarda ba za ta ɗauka ba.

Washegari Saude ta ɗauki tulu ta fita kamar za ta rijiya. Tulun aka samu a bakin hanya. Aka aika Bungudu, ba ta can. Aka duba tasha, aka duba rijiyoyi. Ladidi ta daina cin abinci, ta daina kitso, kullum tana tashar mota tana bin direbobi. Ko a nan ba ta iya faɗar sunan ba. Sai ta ce, "Ba ku ga wata mace ba, doguwa, mai baƙin kallabi?" Ni ke bin bayanta ina cewa Saude ake nema, Saude matar Attahiru.

Damina ta faɗi kafin labari ya zo. Wata mai sayar da tukwane ce ta kawo shi daga Tsafe. Da ƙafa Saude ta je can, gidan goggonta. Ta tarar da baƙi a ciki. Ta zauna ƙofar gidan kwana da kwanaki, ana ba ta sadaka. Ran nan ta ga wani yaro yana kuka a kasuwa, ta ɗauke shi ta goya ta kama tafiya. Aka bi ta aka ƙwace yaron, aka yi mata duka, aka kai ta gidan wani malami mai maganin taɓin hankali, can wajen gindin dutse.

Muka shiga motar farko. A wata rumfa muka same ta a bayan gidan, ƙafarta ɗaya a turu, gungumen da ake ɗaure mahaukata, tana zaune a kan buhu. Akwai maza a wurin, malamin da ƙannensa da masu jinya, har da wasu 'yan kallo. Ladidi ta ratsa ta tsakiyarsu ba ko sallama, ta durƙusa a gabanta, ta kama fuskarta da hannu biyu. Ta ce, "Saude."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. "Saude."

Saude ta dube ta, ta ce, "Na'am. Wa ke kira?"

"Ni ce. Uwarki ce."

Ta ƙura mata ido, ba fushi, ba tsoro. Ta ce, "A'a, baiwar Allah. Uwata tana Gusau. Ita ba ta kiran sunana."

"Ni ce, Saude. Dube ni."

"Kun yi kama kam. Amma ita ba ta taɓa ni."

Na ga bayan Ladidi ya lanƙwashe. Na zaci za ta faɗi. Sai ta gyara zama, ta miƙe ƙafafu, ta zaro mataji daga ƙugunta, ashe ta zo da shi. Ta ce, "To, ɗiyar mutane, ni mai kitso ce. Kawo kan nan in gani."

Saude ta kwantar da kai ba gardama. Ladidi ta fara daga ƙeya, da mai da yatsa, tana warware ƙullin ɗaya ɗaya. Ta tambaye ta ko gero ya yi kyau a Bungudu bara. Ta tambayi ko akwai ruwa a gulbi. Mazan suka gaji suka watse, ni na zauna na cusa bakin gyalena a baki don kada harshena ya ɓata aikin.

Rana ta karkata kafin Saude ta fara. Ta ce ƙaramar a hannunta ta cika, wannan ta san Allah ne ya karɓi abinsa. Bello ne ya tsaya mata a rai. Wuyansa ya sanƙare, zazzaɓi ya hau kansa, yana kwance a ɗakin kakarsa, uwar Attahiru. Ɗakin cike da dangin miji. Yaron ya yi ta kiranta.

"Ina tsaye bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa. Ɗan fari ne. Surukata na ciki, ƙannen mijina na ciki. Na miƙa ruwan aka karɓa aka kai masa. Ya ce ba ruwa yake so ba, ni yake so. Ban shiga ba. Har ya yi shiru ban shiga ba. Da aka fito aka ce na yi ƙoƙari."

Hannun Ladidi bai tsaya ba. Hawaye na bin haɓarta yana ɗiga cikin gashin, ta haɗa da mai ta ci gaba da kitsawa.

Saude ta ce, "Shi ne na je wajen uwata in tambaye ta yadda ake yi. Ita ta iya. Na so ta faɗa mini inda ake ajiye shi, don ni nawa ya ƙi zama."

Ladidi ta ce, "Ba ta iya ba."

"Kin san ta?"

"Na san ta. Ba ta iya ba, ɗiyata. Ba inda ake ajiye shi."

Sai Saude ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun bazara, tana kiran Bello, Bello, har muryarta ta dushe. Ladidi ta tsefe layin da ta gama ta sake shi.

Da ƙyar malamin ya yarda aka cire turun, sai da Attahiru ya zo ya sa baki. Muka dawo da ita Gusau. A ɗaki ɗaya suka riƙa kwana, a kwano ɗaya suke ci. Ladidi kan kira sunanta a tsakar gida, a rijiya, a tsakiyar kasuwa, ko ba ta da abin faɗa. Labari ya kai Wanke aka ce ta tsufa ta zubar da mutunci. Ta ce a gaishe su.

Saude ta sami sauƙi. Ta koma wanka, ta koma ɗebo ruwa, ƙibarta ta ɗan dawo. Ran Juma'a ita ke miƙa wa Ladidi mai in yaran makaranta sun zo. Abu ɗaya ne bai dawo ba. "Baiwar Allah" take kiranta. Takan gode mata kamar yadda ake gode wa wanda ya ba ka masauki, wani lokaci ta ce in ta ƙara jin ƙarfi za ta je Gusau ta ga uwarta, alhali tana zaune tsakiyar Gusau.

Abin ya ishe ni. Na ja Ladidi gefe na ce, "Ke, ni na ga maganin. Abin da ta sani da uwarta shi ne juya baya. Ki daina kiran sunanta, ki koma aiko ni da kwano, ki ce mata 'ke' kwana biyu. Wallahi za ta gane ki."

Ta ce, "Na sani. Na daɗe da sani."

"To mi kike jira? Ba ki son ta ce miki uwa kafin ki mutu?"

Ta dubi Saude can tana shanya a kan danga. Ta ce, "Ina so, Talatu. Ba abin da nake so kamarsa. Amma in ta gane ni, waccan matar mai juya baya ce za ta gane. Ba zan sake mayar da ita hannun waccan matar ba."

Ban ƙara tayar da maganar ba.

Haka suka zauna 'yan shekaru. Bara da kaka tari ya kama Ladidi, ya kwantar da ita. Saude ce ta yi jinyarta, ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu a baki. Ranar da za ta cika ina ɗakin. Ta kama hannun Saude ta riƙe, tana ta kallonta, na san abin da take jira. Saude ta gyara mata matashi ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Allah ya saka miki." Ladidi ta ce amin.

A zaman makoki mata suka riƙa zuwa suna durƙusawa gaban Saude za su yi mata gaisuwa. Sai ta nuna musu ni da 'ya'yan Ladidi maza, ta ce ita baƙuwa ce, ga masu mutuwar can. Ta tashi ta ci gaba da kai wa mutane ruwa. Yaran makaranta suka zo a jere da Malama, suka cika gindin ceɗiya da kuka, ita ce ta bi su tana lallashi.

Yanzu tana wajena, don Attahiru ya ga ta fi natsuwa a nan, yakan zo da hatsi ya gan ta. Bayan an share makoki, muna zaune muna ɓarzar kalwa, ta ce, "Inna Talatu, uwata ba ta zo gaisuwar matar nan ba ko?"

Na ce ba ta zo ba.

Ta ce, "Da ta zo da ta gode mata. Ta riƙe ni da kyau."